Giɓin da ke sahunmu

A shekarun tawaye, lokacin da kamfanin ma'adinai ke ta sallamar ma'aikata a Arlit, ɗan maƙwabcina mai gadi ya saci bindigar ubansa ya kai lakwal, wato makaranta, don ya burge abokai. Ta tashi a hannunsa, harsashi ya fasa gwiwar ɗan ajinsu. Jandarmomi suka tafi da yaron Agadas, alƙali ya tsare shi.

Maƙwabcin nawa bai daina zuwa masallaci ba, amma in ya tsaya sai a bar masa giɓi dama da hagu. Liman ya yi ta cewa a haɗa sahu, ba mai matsawa. Bawan Allah har ya fara ɗaure kaya zai bar garin.

Wata la'asar, kakan yaron da aka harba, tsohon Buzu mai garka, ya ratsa mu ya manna kafaɗarsa da ta maƙwabcina.

"Tsaya sosai, ɗana," in ji tsohon. "Ƙafafuna sun gaji, da kai zan jingina. Jikana ma yana ta tambayar abokinsa."

Kafin kabbara ɗaya gefen ya cike. Maƙwabcina ya kwance kayansa, kuma a wannan sahun ɗansa ya tarar da shi ranar da aka sako shi.