Ludon da Inna Ta Yi a Takaba

Shekarun baya, daminar da kogi ya ci unguwarmu a gefen Haɗejiya, aka kwashe mu zuwa wata firamare, gida uku a aji ɗaya. Shinkafar mahaifina tana ƙarƙashin ruwa, shi kuma ya wuni zaune ya zuba wa allo ido. Ni ce na sa masa ludo a wayarsa, wai ni mai dabara. Ya ce wasan yara ne. Ba a jima ba ya koya wa mahaifiyata, ni da na kawo abin ko taɓawa aka daina ba ni.

Har muka koma gida ba su daina ba. Bayan la'asar sai su zauna, waya a tsakiya, shi ja, ita kore. Mutanen da ban taɓa jin hirarsu ta wuce ta cefane ba, sai ga su suna musu.

"Malam, sau biyu ka taɓa, na gan ka!"

"Ke dai ba kya son a cinye ki."

Da rani ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa.

Inna ta shiga takaba. Bayan 'yan gaisuwa sun tsagaita, wata la'asar na jiyo ƙarar ludo a ɗakinta. Na leƙa. Ta buga kore, ta juya wayar, ta ce a hankali, "Malam, kai ne da wasa," ta buga masa ja. Ba ta cutarsa. In ya cinye mata ɗa har tsaki take ja. Na koma kicin na sha kuka, amma ranar ce ta fara cin abinci ba da lallashi ba.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ma ta ji. "Mai takaba da caca? Carbi ya ƙare a garin ne?" Nan da nan magana ta kai kunnen Baffa, yayansu. Ya zo ya tsaya a zaure, ya sa aka kira ni.

"'Yata, wayar nan cikin kayan gado take, akwai haƙƙin marayu. Karɓo min ita."

"Baffa, ita ce ke ɗebe mata kewa."

"Addu'a ke ɗebe kewa."

Ban musa ba. Amma ga injin ban ruwa da komar kamun kifin Baba a tsakar gida, ba wanda ya tambaye su. Na san ba gado ya kawo shi ba.

Da na shiga, ta riga ta ji komai. Ta ce, "Ki roƙe shi ya bari mu ƙarasa wannan. Saura ɗa ɗaya Malam ya shiga gida." Na koma na durƙusa na faɗa. Baffa ya ce kada in mayar da shi abokin wasana.

Na koma wurin Inna. Ta goge fuskar wayar da bakin hijabinta, ta ɗora min a tafin hannu. Na ratsa tsakar gida, ja yana ta ƙyaftawa, yana jiran a taɓa masa. Baffa ya kashe ta a gabana ya jefa aljihu.

Da ta fita takaba na sayo mata sabuwa, na sa mata irin ludon sak. Ta jujjuya ta, ta miƙo min. "Wannan ai Malam bai taɓa riƙe ta ba."

Yanzu in na ji ana yi wa dattijai dariya don suna wasa a waya, raina ɓaci yake yi, don ba a san da wa suke zaune ba. Baffa har yau ina durƙusawa in gaishe shi. Mutuwar Baba na haƙura, ta Allah ce. Amma wasa ɗayan nan da aka hana ta buga masa, na kasa haɗiye shi.