Kaza da Mai Bin Bayanta

Shekaranjiya mai gyaran rufi ya jingina tsanin katako a bangon gidana ya fara hawa. Ina ɗaki ina tsintar shinkafa, sai na ji tsanin ya yi ƙara, irin kukan icen da ya gaji da ɗaukar mutane. Farantin ya kusa suɓuce mini. Na haura sittin, ina da jikoki, amma ƙarar nan ta mai da ni yarinya 'yar shekara goma a wani gidan ƙasa da ke bayan Kasuwar Gombe. Bari in ba ka labarin yadda ya faru, in ya so ka yi masa fassarar da ka ga dama.

Kakana na wajen uba daga ƙasar Katsina ya zo Gombe da fatauci, tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin. Da ƙarfi ya ƙare sai ya bar wa mahaifina rumfa, ya koma ga abin da ya gada wurin malaminsa, wato lissafin taurari. Malam kowa yake ce masa, har mu jikoki. Ni kuwa Amarya yake kira na, irin wasan kaka da jika. Manoma daga ƙauyuka suna zuwa zaurensa su tambayi lokacin shuka, shi kuma kullum da abu ɗaya yake farawa: tauraro ba ya kawo ruwa, Allah ke kawowa, tauraro alama ce kawai, kamar sawu a hanya.

Lokacin an gama yaƙin basasa, kuɗi sun fara shigowa gari, naira ta maye gurbin fam. Mahaifina ya cika rumfa da rediyo da agogo, yana cewa nan gaba kaɗan akwatin nan ne zai riƙa gaya wa manomi ranar ruwa. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne yanar ido ta rufe ganin Malam. Da rana yana ganin inuwar mutum. Sama kuwa ta daɗe da ɓace masa.

Ni ya zaɓa in zama idonsa, kuma ga dalili. Wani dare na rani bayan isha'i ya tara mu a tsakar gida ya ce mu ƙirga masa 'ya'yan Kaza, taurarin nan ƙanana da ke cure wuri ɗaya. Kowa ya ce shida. Ni na ce bakwai, akwai wata 'yar mitsitsiya da ke laɓe a gefe. Ya laluba ya kama kaina da hannu biyu, ya yi dariya.

"Amarya, ke ce za ki riƙa hawa da ni."

Tun daga nan muke hawa kan soronsa ta wani tsohon tsani, ni a gaba, shi a baya yana lalube. Rufin yana riƙe zafin rana har bayan magariba. Daga can ana jin ƙamshin tsire daga bakin kasuwa, da waƙar coci tana tasowa daga wajen Herwagana in ranar koyon waƙarsu ce. Nan ya buɗe mini sunaye.

Ya ce taron nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta, matan Fulani masu kawo mana nono Daccuki suke ce masa, a littafi kuma sunansa Surayya, daga kalmar Larabawa mai nufin yalwa, wai 'yar ƙarama mai tarin arziki, don da fitowarta ake sa ran alheri. Ya ce tana zaune ne a kan tozon Sa, ɗaya daga burujai goma sha biyu da rana ke ratsawa a shekara. Sannan ya sa na bi da ido can ƙasa da ita, inda wani jan tauraro yake shi kaɗai, ba ya ƙyalli irin na sauran, sai dai ya zuba maka ido. Wannan idon San ne. Sunansa Dabaran, ma'anarsa mai bin baya.

Na tambaye shi me yake bi. Ya ce mutanen da suka raɗa masa suna sun ce talaka ne ya nemi auren Surayya aka hana shi, ya koro 'yan raƙumansa yana bin ta, har yau bai cim mata ba, bai kuma fasa ba. Amma kakarsa a Katsina ba haka ta faɗa masa ba. Ita cewa ta yi idon muzuru ne, yana bin Kaza a hankali, ba ya gudu don ya san ba inda za ta je.

"Wanne ne gaskiya, Malam?"

"Ko wanne kika ɗauka, sunan dai ɗaya ne. Yana biye."

Daga ranar na daina son kallon jan nan. In na gama ƙirga 'ya'yan Kaza sai in runtse ido ɗaya don kada in haɗa da shi.

Shekarar da nake ba ka labari shekarar fari ce. Daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, rijiyarmu ta koma laka, shanu suna shigowa gari ƙashin haƙarƙari a waje. Da bazara ta yi nisa Kaza ta faɗa yamma ta ɓace, kamar yadda take yi duk shekara, kwana arba'in ko kusa da haka, kafin ta sake ɓullowa ta gabas da asuba. Ana cikin kwanakin ɓuyanta aka yi ruwa guda ɗaya mai ƙarfi. Washegari wani dattijon manomi daga ƙauyen Kwadon, tsohon abokin Malam, ya iso zaure da ƙafafu duk taɓo. Ya ce maƙwabtansa sun fita shuka, shi kuwa irin geron da ya rage masa bai fi cikin ƙwarya ba, kuma bakuna goma sha ɗaya ke jiransa. In ya zuba shi a ƙasa ruwa ya ɗauke, ya ƙare.

Malam ya daɗe yana jan casbi. Ya ce masa ya riƙe irinsa har Kaza ta fito, zai aika masa.

Kullum bayan kiran assalatu muke hawa. Kullum in ce babu. Kwana goma, kwana goma sha biyar, shukar mutane ta tsiro ta fara lanƙwashewa, sama fari fat. Sai zazzaɓi ya kwantar da Malam. Mahaifina ya ce kada wanda ya ƙara barin tsoho ya taka tsani, ya kuma dube ni musamman.

A kwana na uku da kwanciyarsa na farka kafin kowa. Ba kira na ji ba, ƙarar tsanin na ji, mataki bayan mataki, a hankali, irin hawan mai lalube. Na fita. Tsakar gida shiru, ko zakara bai yi cara ba, iska kuma ta yi wani sanyi da ba na lokacin ba. Na hau.

Yana zaune inda ya saba, ya lulluɓa da farin gwadonsa har ka, ya fuskanci gabas. Bai juyo ba.

"Amarya, duba mini."

Muryarsa garau, babu tari, babu haki. Na duba. Can ƙasa, daidai kan wata tsamiya, inda duhu ya fara yin toka-toka, ga ta nan ta fito, dusu-dusu kamar an watsa tsaba.

"Malam, ta fito!"

"Alhamdu lillahi. Ki gaya wa mutumin Kwadon ya shuka. Ke da bakinki." Sannan ya ce, "Jan fa?"

Na ce ai kwanansa bai yi ba, shi da kansa ya koya mini sai bayan kwana goma sha uku yake biyo ta.

"Yana nan," in ji shi. "Ni ina ganinsa. Sauka, kada ki jira ni."

Ban taɓa sauka na bar shi ba, amma ranar ƙafafuna suka bi maganarsa. Ina taka ƙasa na ga hasken fitilar ƙwai a ɗakinsa, mahaifiyata ta fito tana salati da hannu a ka. Na leƙa ta bayanta. Malam yana kwance a gadonsa, mahaifina na durƙushe yana shafe masa ido.

Na ce yanzun nan muke tare a sama. Mahaifiyata ta toshe mini baki da tafin hannunta. Mahaifina bai ɗago ba, ya ce mafarki na yi, kada in ƙara faɗa. Ban koma na leƙa saman soron ba. Ban iya ba.

Aka kai shi da hantsi. Ina cikin mata, saƙon yana ci na kamar garwashi a zane. Da la'asar na hango dattijon Kwadon a ƙofar zaure yana neman takalmansa cikin na masu gaisuwa. Na ratsa maza, abin da yarinya ba ta yi, na durƙusa na ce, "Baba, Malam ya ce ka shuka. Kaza ta fito."

"Yaushe ya faɗa miki, 'yata?"

"Yau da asuba."

Ya san lokacin da aka ce ran ya fita, don a gabansa aka yi ta maimaitawa. Ya dube ni, ya daɗe, har na ga gashin hannunsa ya miƙe. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Na ji," ya sa takalmi ya tafi.

A busasshiyar ƙasa ya binne irinsa, mutane suna ce masa baƙin ciki ya taɓa shi. Bayan kwana huɗu ruwa ya sauko. Ba zan ce maka damina ta yi albarka ba, shekarar kowa ya sha wuya. Amma waɗanda suka bi ruwan farko sun rasa iri, shi kuwa ya sami abin da ya kai iyalinsa rani. Da kaka ya kawo dami ɗaya ya ajiye a zaure, ya ce na yarinyar nan ne.

Ni da mahaifina ba mu sake tayar da zancen ba sai bayan shekara talatin da wani abu, yana kwance a ciwonsa na ƙarshe. Ina ba shi kunu, sai ya riƙe hannuna.

"Ranar da tsoho ya rasu," ya ce, "ni na yaye masa gwado. A jiƙe yake sharkaf da raɓa. Kuma ƙofar ɗakin ni na kulle ta da daren, mabuɗin yana aljihuna."

Na ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Tsoro. Ke kina da shekara goma, ni ina da arba'in, amma na fi ki jin tsoro."

Yau wurin da gidan yake shaguna ne na sayar da waya. Gombe ta zama babban birni, fitilu sun cinye sama, manoman Kwadon ma a rediyo suke jin hasashen ruwa, kamar yadda mahaifina ya faɗa. Ban ce hakan laifi ba ne. Masaukan wata, wato taurarin da wata ke ya da zango wurinsu dare bayan dare, ashirin da takwas ne, kowanne da sunansa da dalilin sunan, Malam ya san su duka a ka. Biyu kawai ya samu ya ba ni, Kaza da mai bin bayanta. Na yi ta tambayar tsofaffi sauran, sai a ce mini ai wane ya sani, in na je sai in tarar an yi sadakar bakwai ɗinsa.