Darlene, Wadda Ta Koya wa Makiyayi Yi wa Kansa Allura

Ƙarfe bakwai na safe, ko ƙanƙara ta toshe hanya, za ka tarar da Darlene Hrycan a asibitin ɗan garinmu na lardin Saskatchewan, kofi a hannu ɗaya, ledar lemo a ɗayan. Lemon ba na sha ba ne. A jikinsa take koya wa masu ciwon MS soka allura, ciwon nan da ke cin jijiyoyi har ƙafa ta daina jin magana. Shekararta ashirin da takwas tana wannan jinya, Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Ku tambayi Wendell Friesen. Ƙato ne, shi kaɗai yake yi wa shanu ɗari uku rigakafi, amma da ciwon MS ya kama shi, tasa allurar ta gagare shi. Wata biyu yana ce wa likita yana yi, alhali ƙafar hagu ta fara ja. Matarsa Joanne har ta soma maganar sayar da garken.

Darlene ta tuƙa mota har gonarsu, ta zarce kicin, ta buɗe firij. Ga maganin can bayan kwalaben rigakafin maruƙa, ko kwalin ba a farke ba.

"Wendell, kai da girmanka?"

"Haba Darlene! Fatar saniya daban, tawa daban."

"To yaya kake yi wa maraƙi?"

"In tattaro fata, in ce masa 'tsaya, ɗan banza.' Shi ke nan."

"Madalla. Ga ɗan banza nan a zaune. Goge wurin, tattaro."

Ya harari cinyarsa ya ce, "Tsaya, 'yar banza!" Kafin Joanne ta gama dariya ya soka allurar, an wuce wurin.

Darlene ba ta taɓa ce masa zai warke ba. Cewa ta yi allurar tana rage wa ciwon yawan tashi, in dai ba a yi fashi ba. Bai ƙara fashi ba.

Darlene, ke ce mai zolayar mutum har ya manta yana jin tsoro. Ke ce ba ki yarda da "ina yi" sai kin leƙa firij. Wallahi za mu yi kewarki.

Mun gode, uwar masu tsoron allura. Ku da za ku gaje ta, ku riƙa fita daga ofis kuna zuwa inda mutane suke. Shekara tara da waccan ranar, Wendell yana ɗingishi, amma bana ma da ƙafarsa ya koro shanunsa gida.