Allurar da Ta Hana Mai Walda Kwanciya

Mai waldan nan bai iya zama ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake amsa gaisuwar surukai, har unguwa ta laƙaba masa Kan-Ƙafa. Tun suna amare matarsa ta gane abu ɗaya ne ke kwantar da shi: ciwo. In dai bai ji zafi ba, to lafiyarsa lau, likita ya yi ta magana har muryarsa ta dishe.

Da aka zo yi masa aikin ciki, ba a tsaga shi ba, 'yan ƙananan ƙofofi aka huda. Likitar da ta sa shi barci kuma ta yi masa allura kusa da jijiyoyin wurin, don ya wuni ya kwana bai ji komai ba. Ga kowa wannan rahama ce, ban da matar Kan-Ƙafa.

Yana farkawa ya danna cikin da yatsa. "Ke, anya sun yi aikin nan kuwa?"

"Akwai ɗinki a ciki, Baban yara. An ce ka taka a hankali, amma in ka ɗaga nauyi zai iya ɓallewa."

Ina, wa ya ji? Kafin ta ɗauraye kofi ya zagaye ɗakin majinyatan, ya gano gadon maƙwabcinsa na girgiɗi, ya tsaya yana tsine wa wanda ya yi waldar. Ta jawo shi, ya zille. Ta ɓoye takalmansa, ya fita haka nan. Tsoro ya cika ta, haushi kuma kamar ta rufe shi da duka.

Ta tare likitar a baranda. "Don Allah ki bar masa ciwon ko kaɗan ne. Maganar ciwo kaɗai yake ji."

Likitar ta yi dariya, ta ce ba a raba ciwo a asibiti, allurar da kanta za ta sake shi gobe. Matar ta koma tana roƙon Allah ya gaggauta.

Washegari da hantsi ya sunkuya zai cicciɓi gadon nan ya duba ƙafar. Kafin ya ɗaga, allura ta sake shi. Ya daskare, gumi ya keto masa. Da kansa ya lallaɓa ya kwanta, ya lalubo hannun matarsa ya damƙe, mutumin da tartsatsin wuta bai taɓa sa shi cewa wash ba.

"Kar ki tafi," ya ce a hankali.

Abin da ta roƙa ke nan, ga shi an ba ta, sai ta ji ba za ta iya kallo ba. Ta zare hannunta, ta kwasa da gudu ba mayafi tana kiran nas, a zo a taimaka wa mijinta.