Karen da Aka Ɗaure wa Baki

Ni tsohon soja ne, ban iya ba da labari a birkice ba. Abin da ya fara faruwa shi zan fara faɗa.

Na zo Alƙahira a matsayin direban wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Shi da matarsa Kiristoci ne 'yan Filato, Hausa a bakinsu kamar a Kano aka haife su. Suna da wani jan kare mai faɗin kai da suka taho da shi tun daga gida. Ni ban tashi da kare a cikin ɗaki ba, kuma ban ɓoye musu ba. Amma na ga yana da horo. In aka ce ya zauna sai ya zauna, in aka ajiye abinci ba ya taɓawa sai an ba shi izini. Na yi aiki da mutane da yawa da ba su kai shi ɗa'a ba.

Gidan da aka ba su a hawa na sama yake, babu tsakar gida. Saboda haka a ranakun aiki nakan kai karen wani gida a bayan gari, inda ake renon karnuka daga safe zuwa yamma kamar yadda ake renon yara. In masu kare za su yi tafiya, ana iya barinsa ya kwana a can. Mai wurin Bamisire ne mai fara'a, kullum wayarsa a kunne.

Sai maganar wani ɗan garinmu. A can garinmu gidansu yana bayan namu, tare muka binne mahaifinsa. Ya zo karatu, karatun ya tsaya, takardar zamansa da ake kira ikama ta ƙare, ga mata da yara a ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams. Dako yake yi wa masu kaya a kasuwar Ataba. Da mai wurin ya ce mini yana neman ma'aikaci, shi na fara tunawa. Na same shi na tambaye shi a fili.

"Za ka iya taɓa kare? Ka faɗa mini tun yanzu. In ba za ka iya ba, babu laifi."

Ya yi dariya. "Haba Saje! Wanda ya ɗauki buhu a Ataba, kare ne zai gagare shi?"

"Ba ƙarfi nake tambaya ba."

"Na ji, Saje. Ba zan ba ka kunya ba."

Na kai shi da kaina, na ce wa mai wurin wannan ƙanena ne, duk abin da ya yi ni na yi.

Da zafi ya kama sosai, maigida da iyalinsa suka shirya tafiya hutu gida. Uwar gida ta so ta bar karen a wani wuri da wata ƙawarta ta yaba mata. Ni na hana ta. Na ce ina da mutum a wannan, idona yana can ko ba na nan. Ranar tafiya ta miƙo mini igiyar wuyansa ta ce, "Baba, ga ɗana nan. A hannunka na bar shi." Na ce mata ta tafi da kwanciyar rai.

A farkon tafiyarsu nakan kira ɗan garinmu a waya. Kullum amsar ɗaya ce: "Tamam, Saje. Yana ci, yana wasa." Ban yi shakka ba, don ban ga dalilin shakka ba.

Wata rana na kai mota gareji a wannan yankin, aka gama da wuri, na ce bari in biya. Ban kira kowa ba. Lokacin azahar ne, ranar nan irin wadda in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka janye hannu. Abin da na fara lura da shi tun daga bakin titi shi ne shiru. Gidan karnuka ba ya shiru. Ko akuya ce ta wuce sai sun tashi unguwa.

Ƙofa a buɗe take. A ƙarƙashin rumfa na ga ɗan garinmu a kan darduma yana salla, cikin farar jallabiya tas, babu ɗigon datti. Na wuce ta bayansa zuwa inda kejunan suke. Karnuka na kwance a kan siminti, kowanne an naɗe masa baki da baƙin salatif irin na masu gyaran wutar lantarki. Cikinsu na hawa da sauka da sauri. Kwanukan ruwa na gabansu a cike.

Namu yana keji na ƙarshe. Ya gan ni, ya ɗaga wutsiya sau ɗaya, ya kasa tashi.

Na ciro 'yar wuƙar da ke jikin mukullin mota. Na fara da wanda ya fi galabaita, wani baƙi ƙarami, sannan na bi sauran, namu a ƙarshe don a ƙarshe yake. Salatif ɗin ya narke ya kama gashi. Da na ɓare na namu, sai da fata ta biyo, kuma a ƙarƙashi akwai tsohon miki da ya fara ruɓa. A nan na gane ba ranar aka fara ba. Na jiƙa musu ƙafafu da ciki, na ja kejunan inuwa, sannan na bar su suka sha ruwa kaɗan-kaɗan.

Ina cikin haka ya sallame ya zo.

"Saje, ai da ka kira."

"Mene ne wannan?"

"Na ɗan lokaci ne fa. Daga azahar zuwa la'asar kawai. Lasa suke yi, Saje. Ka san miyau. Kullum sai in canza kaya kafin in yi salla, ga haushi ba ka jin ko karatunka."

"Na tambaye ka ko za ka iya."

"Ai ina iyawa. Ga su nan da ransu."

Ban taɓa shi ba. Na sa hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya, kamar yadda aka koya mana, har zuciyata ta sauka. Sannan na ɗauki karen na sa a mota.

Likitan dabbobi ya wanke mikin ya yi masa ƙarin ruwa. Shi ya gaya mini kare ba ya gumi kamar mutum, da harshe yake fitar da zafi, in ka rufe masa baki a rana kamar ka rufe tukunya ne a kan wuta. Ya ce zai rayu, amma tabon zai zauna.

Washegari na koma wurin mai gidan karnukan. Ya ajiye waya, ya kawo mini shayi, ya yi ta cewa ma'alish, wato in yi haƙuri. Ya ce bai sani ba. Na ce salatif ɗin a kwali yake a ofishinsa, na gani da idona. Sai ya ce maƙwabta ne suka dame shi da ƙorafin haushi. Cikin magana ya suɓuce ya ce wata ƙaramar karya ta mutu kwanan baya, an gaya wa mai ita ciwon zuciya ne. Daga nan ya ba ni shawara in ce wa uwar gida ƙaiƙayi ne ya kama namu a baki, khalas, magana ta ƙare, shi zai ɗauki nauyin magani. Na bar masa shayinsa.

Mu Hausawan da ke nan muna da al'ada. In abu ya shiga tsakanin biyu daga cikinmu, ba a kai shi waje sai an zauna. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko, na kai maganar gidan dattijonmu a unguwar Hay el-Sabi'. Malami ne da ya daɗe a ƙasar, kowa yana jin maganarsa. Aka cika falo, aka kira ɗan garinmu, ya zauna yana kallon ƙasa.

Na faɗi abin da na gani daki-daki. Kafin in gama wani ya ce, "Wai duk a kan kare aka tara mu? Na ɗauka mota aka sace." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Saje so yake a naɗe wa yaron baki shi ma a tsayar da shi a rana, irin na bariki."

Gaskiya na yi wannan tunanin a hanyar asibiti, amma ba shi na kawo ba. A wurina horo ba ramuwa ba ne. Mai laifi ya fara faɗin laifinsa da bakinsa, sannan a raba shi da abin da ya ci amanarsa. Na ce abin da nake nema ke nan: ya faɗa a gaban jama'a cewa ya zalunci dabbobin nan, ya bar aikin, kuma a gaya wa matar da karyarta ta mutu gaskiya. Ban ce a kira 'yan sanda ba.

Malam ya gyara zama. Ya fara da ɗan garinmu, ya ce abin da ya yi haramun ne, kuma a mazhabar da muke bi miyau na kare mai rai ba ya ɓata tufa, duk wahalar da ya ba dabbobin nan ba ta da tushe. Na ji sanyi a raina, na ce yau an samu mai faɗin gaskiya.

Sai ya juyo gare ni.

"Amma Saje, rufin asiri ma wajibi ne. Yaron nan ba shi da ikama. In matar nan ta ji ta kai ƙara, sai dai mu ji shi a filin jirgi. Yara fa? Zai yi istigfari, ya daina. Kai kuma ka ce ƙaiƙayi ne."

"Allah ya gafarta Malam, ƙarya kake so in yi?"

"Sulhu nake so ka yi."

"To ya faɗa da bakinsa. Ko wannan kaɗai."

Duk aka dubi ɗan garinmu. Ya ɗago ya ce, "Ni dai in na ɓata wa Saje rai, ya yi haƙuri."

Aka ce madalla, aka shafa fatiha, aka shigo da abinci. Ranar Asabar ya koma bakin aikinsa, da karnukan mutane a hannunsa.

Maigida ya tsaya wani aiki a can gida, uwar gida ta riga shi dawowa. Jirginta ya sauka da hantsi. Tana shiga mota, kafin ta tambayi gida, ta ce, "Baba, ina ɗana?"

Na ce mata yana gida, yana da rai, amma ina da magana. Na samu gefen titi na tsaya, na kashe mota, don ba na ba da rahoto ina tuƙi. Na gaya mata daga farko har ƙarshe: salatif, mikin, karyar da ta mutu, da cewa wanda ya yi shi ne mutumin da na tsaya masa. Ta rufe baki da hannu.

"Me kake so in yi?" in ji ta.

"Ranki ya daɗe, a raba shi da wurin. Amma kar a kai shi ga hukuma. Yana da yara."

Ta ce ta ji. Ba ta kai ƙara ba. Ta je gidan karnukan da kanta, ta kuma gaya wa duk wanda ta sani yana kai kare can, har labari ya isa ga matar da aka yi wa ƙaryar ciwon zuciya. Mai wurin ya kori ɗan garinmu a ranar, ya gaya wa kowa wani baƙo ne ya yi abin a ɓoye, shi bai san komai ba. Wasu suka janye karnukansu, wasu suka yarda da shi. Gidan yana nan a buɗe har yau, an ma sake masa fenti.

A cikin mutanenmu kuwa, ni na zama mai laifi. Gaisuwa ta gajarce. Wanda a da zai riƙe hannuna ya tambayi iyali, sai ya ɗaga hannu daga nesa. Maganar ta kai har garinmu, matata ta kira ni tana kuka, wai ana cewa na tona wa ɗan'uwa asiri saboda karen Kirista. Malam bai sake aiko mini ba, ni ma ban koma ba.

Da sanyi ya shigo, uwar gida ta aike ni Ataba sayen labule. A can na gan shi, ya ajiye wani ƙunshin kaya yana hutawa a bakin wani shago. Ya rame. Na tsaya na yi masa sallama, ya amsa. Na tambayi yara, ya ce suna lafiya. Masu kaya suna ta ture mu ta kowane gefe.

Na ce, "Ba wani namu a nan sai ni da kai. Ka faɗa mini kawai ka san abin da ka yi."

Ya dube ni ido cikin ido, babu fushi a fuskarsa.

"Wallahi Saje, har yanzu ban ga abin da na yi ba. Kare ne fa."

Mai kayan ya leƙo yana cewa yalla, yalla, wato ya yi sauri. Na kama masa ƙunshin ya ɗora a kafaɗa, ya shiga cikin jama'a, ni kuma na wuce layin masu labule.