Gidajen Casiano Masu Wuta

Yayana Casiano Limachi bai taɓa mallakar gida ba, amma ya gina fiye da dubu. Kowanne bai wuce tafin hannu biyu ba. Da siririn katako yake yi, ya cusa ƙwan fitila kamar ƙwayar shinkafa a kowane ɗaki, ya ja waya zuwa batir a ƙarƙashin daɓe. A kasuwar Alasita ta La Paz, inda kowa ke sayen ƙaramin samfurin abin da yake fatan samu, nasa ake rububi, don mutane sun yarda gidan da ya haska shi ya fi saurin zama gaskiya.

Ni kunun masara nake sayarwa kusa da teburinsa, shekara ashirin da biyu. Na gaji da sanyin garin nan, na gaji da taurin kansa.

Yanzu idon Yaya ya tafi, hannunsa na rawa. Ƙwan nan ƙafa biyu gare shi, doguwa ta bi jar waya, gajera ta bi baƙa, in ka juya ba zai kama ba. Yaya ya koma laluben ƙafafun da leɓe. 'Yarsa Nélida ta matsa ya koma wurinta a Santa Cruz ya huta.

"Ranar da wutar gidana ta mutu a hannun mai saye, ku ɗauke ni," in ji shi. "Kafin nan ku ƙyale ni."

"Yaya, ai sai ka haɗiye ƙwan tukuna," na ce.

"In na haɗiye ma sai na fi ki haske, Benigna."

Bana gida shida kawai ya iya gamawa, cikin wata uku. Ranar kasuwa da sha biyun rana, lokacin sa albarka, wata mai wankau da ake kira Eulogia ta sayi na ƙarshe, ta miƙa wa mai addu'a. Ya turara shi, ya watsa furanni, ya yayyafa masa giya har ta ɗiga, kamar yadda aka saba. Don wannan yayyafin ne Yaya ke toshe ramin batir da narkakken kyandir. Shi ne abin da ya fi sauran masu sana'ar sani.

Wutar tagogin ta yi wal-wal sau biyu, ta ɗauke.

Yaya ya karɓa ya juya gindin, ya shafa da yatsa. Babu kyandir. Ya manta.

"Baba, ba komai," in ji Eulogia, muryarta a sanyaye. "Ai an riga an sa albarka."

Na ce ya kawo in shanya a rana, zai kama, kuma Nélida ba sai ta ji ba. Ƙila da ya kama ɗin. Bai ko kalle ni ba. Ya ba matar haƙuri har sau uku, ya naɗe wayoyinsa a hankali, ya zuba sauran ƙwayayen a gwangwani, ya ajiye mini kusa da tukunya.

"Ki ba wanda ke gani," ya ce. "Sannan ki kira yarinyar nan, ki ce ta share ɗakin."