Hular da na rataya a kan makunni

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Kun sha tambayata a nan ina yatsuna biyu na hannun dama, ina ta kauce muku. Yau zan faɗa.

A Inugu ne, unguwar Coal Camp, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ina matashi, ina aikin wutar lantarki. Baba Ɗanjuma, dattijon mahautanmu, ya kira ni wai ɗakin sanyin da suke ajiye nama yana jan mutane in sun taɓa ƙofar. Na ce sai na gwada wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta cikin ƙasa.

Na kashe babban makunni, na rataya hulata a kai. Mu masu aikin wuta haka muke yi, hula a kan makunni tana nufin akwai mutum a kan waya. Mahauta ina suka san wannan?

Na zagaya baya, na tsuguna cikin ruwan wankin nama, na kwance wayar daga jikin ƙarfen da aka binne.

Ashe Baba ya ji injin ya yi shiru, ya ji tsoron nama zai lalace. Ya ga hula, ya ce yaron nan ya yi mantuwa, ya ɗauke min ita, ya kunna.

Hannuna ya danƙe wayar ya ƙi saki. Ina son in yi ihu, baki ya ƙi buɗewa.

A asibiti na farka.

Tafin hannun ya ƙone har ciki, yana wari, yatsu sun fara yin baƙi. Kullum da safe a kankare mataccen nama, a wanke, a naɗe. Wallahi ina jin ƙarar keken magani na ma'aikaciyar jinya sai in kau da kai. Fitsarina ya koma ja, suna ta ɗiba suna dubawa. Matata Hajara ta sayar da keken ɗinkinta saboda magani.

Likita ya ce, "Idan baƙin nan ya haye wuyan hannu, za mu yanke."

Ya zana layi da alƙalami a fatata. Ba ni da aiki sai kallon layin nan. Ina da mata da jariri, mai hannu ɗaya wa zai ba shi waya ya ja? Na ji tsoro, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Baba bai taɓa fashin zuwa ba. Ya zauna a ƙasa da hular a cinyarsa, ya ce, "Ɗana, gyara na yi nufi." Ni kuwa haushi ya hana ni ko kallonsa.

Baƙin ya cinye ƙaramin yatsa da na kusa da shi, aka cire su. Daga nan ya tsaya, bai kai layin ba. Alhamdulillahi! Ranar na karɓi hulata, na ce, "Baba, ba komai."

Allah Ya jiƙan Baba da Hajara, Ya saka wa masu jinyar nan da alheri.

Masu aikin wuta, ku ji ni. Kafin ka kwance wayar ƙasa, kashe wuta, cire fiyus ka sa a aljihu, ka garƙame akwatin makunnin da kwaɗo. Gwada ka tabbatar babu wuta, kada ka tsaya a ruwa, kuma ka gaya wa masu wurin da bakinka.

Wanda ya kunna min wuta ba maƙiyina ba ne, hulata yake adana min.